Patinaj (wasan zamiya a kan ƙanƙara) bayan shekara talatin: akwai jarabawa da gasa ko abin na yara ne?

Uwar Biyu (Garwa): Assalamu alaikum 'yan zaure, ya zafi ya iyali. Dan Allah shawara nazo nema kuma kar wanda ya min dariya, musamman Auta. Kun san bara an tura ni staj Faransa na wata shida, toh a can wata abokiyar aikina ta matsa min ranar wata Lahadi sai da na bi ta patinwar, filin da ake zamiya a kan ƙanƙara, ni da duk ƙanƙarar da na sani a duniya ita ce wadda ake jefawa cikin folere. Ranar farko katanga na riƙe tun daga shiga har fita, yara 'yan shekara biyar suna wuce ni fuu kamar iska, amma wlh abin ya shiga raina, kafin na dawo ina zuwa sau biyu a sati har na iya tafiya da baya da ɗan juyi a ƙafa biyu. Yanzu in Allah ya yarda watan tara zan koma karatu na shekara biyu. Tambayata ita ce, mai shekara 36 da yara uku, akwai wata jarabawa ko gasa da ake yi wa irinmu ne, ko mu namu sai dai mu yi ta zagaye fili kamar masu neman abin da ya faɗi? Sannan daga yanzu zuwa watan tara me zan dinga yi a Garwa kar ƙafata ta manta

Auta (Njamena): Anti ni fa ban ce komai ba 😂 amma a watan uku, a Garwa, kike zancen ƙanƙara. Nan kafin ka kai bulo ɗin ƙanƙara gida daga kasuwar Dembe ya zama ruwan wanka

Goggo Hajja (Garwa): Auta kama bakinka. Wa alaikumus salam 'yata. Bari masu abin su zo, ina Antinku ta Jamus? Ina Yayanku na Kanada?

Anti ta Munik: Gani Goggo, ina wuni, yanzu na taso aiki. Ƙanwata kin tambayi wadda ta dace don ni sai da na cika 39 na fara sa wannan takalmin, kuma na shiga gasa. Akwai wata babbar gasar manya ta duniya, tana ƙarƙashin hukumar ISU, wato wadda ke riƙe da wasan har a Olamfik, ofishinta na Lozan a Suwizalan. Ana yinta a wani ƙaramin gari cikin duwatsun kudancin Jamus, Obasdof, kusan duk shekara a watan biyar tun 2005, daga nan Munik awa biyu da wani abu ne a jirgin ƙasa. Sharaɗin shekaru shi ne ki cika 28 kafin 1 ga watan bakwai da ya gabaci gasar, kin ga ke kin wuce da takwas. Kuma ba haɗa ku za a yi da 'yan mata ba, ana raba mutane gida gida, kusan shekara goma goma, har gidan 'yan saba'in akwai. Bayan shekaru kuma sai mataki: Tagulla, Azurfa, Zinariya, sai Mastas da Mastas Elit na waɗanda suka yi wasan tun suna yara. A Tagulla tsalle mai juyi ɗaya kawai aka yarda, ba Aksel (tsalle mai juyi ɗaya da rabi), ba kuma mai juyi biyu, tsalle bai wuce huɗu ba, katantanwa biyu, duka wasan bai kai minti biyu ba. A Azurfa ne Aksel ke shigowa, a Zinariya a fara masu juyi biyu. Ba wata gasar share fage da sai kin ci kafin ki je, ke da kocinki ne za ku duba matakin da ya dace da ƙafarki ku cika fom

Uwar Biyu (Garwa): Allahu Akbar. Anti har 'yan saba'in?? Kuma mene ne katantanwa

Anti ta Munik: Hhh ni na sa mata wannan sunan, juyin nan da ake yi a tsaye wuri ɗaya a ƙafa ɗaya, Faransawa na ce masa piruwet. Kin tuna katantanwar da muke murzawa a rairayi muna yara, toh shi ne sak. 'Yan saba'in kuwa da idona na gani. A ɗakin canza kaya wata tsohuwa ce kusa da ni, gashi fari fat, tana ɗaure igiyar takalmi da wani ɗan ƙugiya saboda yatsunta sun daina ja da ƙarfi, ta ga hannuna na rawa sai ta miƙo min alewa bata ce komai ba. Da aka kira rukunina na shiga, kiɗa ya tashi, tsalle na farko Salko na sauka lafiya, tsallen tolup ma lafiya, kin san ina na faɗi? A wani ɗan juyi da ake kira uku, wanda ƙafa ke zana lamba 3 a ƙanƙara daga gaba zuwa baya, abin da nake yi sau ɗari a atisaye ido rufe. Zama na yi daɓas a gaban alƙalai. Na tashi na ƙarasa, mutane na tafi suna jefo 'yan tsana da alewa cikin fili, al'adarsu ce a gasar manya. Ni ce ta biyun ƙarshe a rukuninmu, takardar makin tana nan manne a firij ɗina

Auta (Njamena): Ta biyun ƙarshe 😭 Anti Allah ya saka wa wadda ta zo bayanki da alheri

Yaya na Monreyal: Salam jama'a, Goggo barka da yamma. Duk abin da Anti ta faɗa haka yake amma ni zan ɗan ja birki, ku yi haƙuri. Ƙanwata ki cire Obasdof daga ranki tukuna, shekara biyu ko uku ma. Wadda ke juyi a ƙafa biyu bata kai Tagulla ba, kuma ba raini ba ne, ni na shekara biyu cur kafin na samu Salko mai kyau. Abin da zai riƙe ki a wasan nan jarabawa ce ba gasa ba. Gasa sau ɗaya ce a shekara kuma kuɗi ne, jarabawa kuwa tsani ce, kullum akwai matakin da ke gabanki. In kin sauka Faransa satin farko ki nemi kulob da ke ƙarƙashin hukumarsu FFSG, ki tambaya ko suna da ajin manya, yawanci da dare ake yi bayan an tashi aiki. Ki biya lisans, wato rajistar hukumar. Lisans ɗin nan shi ne komai, ba shi ba jarabawa ba gasa, kuma akwai inshora a ciki in kin ji ciwo. Su jarabawarsu ta farko suna kiranta lam, wato sunan ƙarfen takalmin, daga ta 1 har ta 8, a cikin kulob ake yi gaban koci, ba wani taro ba. Bayan nan sai medal. Suna da gasar manya ta ƙasarsu ma, da ƙananan gasanni tsakanin kulob kulob, a irin waɗannan ake fara koyon tsayawa gaban alƙali ba tare da gwiwa ta narke ba. Watan tara da za ki koma daidai ne da buɗe kakar wasa, amma ki rubuta musu tun watan shida don ajin manya ɗan ƙarami ne yana cika da wuri

Anti ta Munik: Ban musa ba Yaya. Ni dai na faɗa mata ne ta san akwai inda hanyar ta nufa, mutum in bai san akwai kasuwa a gaba ba baya ɗaukar kaya

Yaya na Monreyal: Gaskiya ne. Nan Kanada tsarin daban ne, ana fara CanSkate mai mataki shida, daga nan STAR 1 zuwa 10 sai Zinariya, kuma babba da yaro jarabawa ɗaya suke yi, ni na yi STAR 2 rana ɗaya da wata yarinya da bata kai 'yata ba, uwarta na zaune tana kallona da kofin kafe. Amurka ce suka fi kowa tsara wa manya nasu daban. Daga shekara 21 kana da layinka: share fagen Tagulla, Tagulla, Azurfa, Zinariya. Kowane mataki kashi biyu ne, na sarrafa ƙafa da na tsalle da juyi, kuma dole ka ci na ƙafa kafin a bari ka taɓa na tsalle. Gasar manya ta ƙasarsu tun 1995 suke yi. Wannan dokar ta ƙafa kafin tsalle ita nake so ki ɗauka ko a ina kike. Mu manya ciwonmu ɗaya, gaggawa, kowa so yake ya yi tsalle ya ɗauki bidiyo ya sa a status, alhali alƙali abin da ya fara kallo shi ne yadda kake tafiya, gwiwa ta lanƙwasa ko a sandare take, kaifin ciki na ƙarfen takalmin kake kai ko na waje, in kana ture ƙanƙara da haƙoran da ke gaban ƙarfen ana jin ƙarar har kujerar alƙalai, kar kar kar kamar ana kankare tukunya

Uwar Biyu (Garwa): Wlh Yaya kamar kana wurin, haka nake yi 🙈 kocin da nake gani yana koyar da yara ya taɓa min magana da hannu ban gane ba

Malam Koci (Ngaundare): Jam na jama'a. Na ga tambaya ta biyu ba wanda ya taɓa, ita ce tawa. Hajiya tsakanin yanzu da watan tara wata shida ne, ba kaɗan ba ne. Rola, wato takalmin taya, da muke yi a nan zai taimake ki amma ba kowane iri ba. Na gudu mai manyan tayu huɗu a jere daidai ƙasa zai ba ki ƙarfin cinya da tsayuwa a ƙafa ɗaya, shikenan, ba zai koya miki juyi ba. Akwai wanda aka yi musamman don 'yan patinaj, ƙarfe ne mai taya uku ko huɗu, ta tsakiya ta ɗan fi sauran sauka ƙasa yadda zai yi lilo kamar ƙarfen ƙanƙara, a gaba kuma akwai roba a madadin haƙora. Kamfanonin Snow White da PIC da Roll-Line duk suna yi. A jikin takalmin patinaj na gaske ake ɗaure shi da kusoshi. Da shi za ki yi kaifin ciki da na waje, ƙetare ƙafa gaba da baya, ukun nan da ya kada Anti, har ƙananan tsalle. Katantanwa ce dai tafi wuya a kan taya, kar ki sa rai da ita sosai. Wurin yi kuma ki nemi filin basket ko na handbal mai sumul, kar ki je kwalta, kwalta cin taya take kamar gara. Ki tafi da tsintsiya. Da gaske nake, tsakuwa ɗaya ƙarama ta isa ta kai mutum asibiti. A Garwa yanzu bayan asuba ne kawai lokaci, ƙarfe bakwai da rabi rana ta fara, siminti ya ɗau zafi taya tayi laushi. Kuma ƙura na shiga boris, duk sati ki cire ki goge

Malam Koci (Ngaundare): Na manta, kariyar wuyan hannu da hular kwano. Ke ma'aikaciyar asibiti ce kin fi ni sanin yadda wuyan hannun babba ke karyewa in ya dafa ƙasa. Ƙanƙara in ka faɗi zamewa kake, siminti riƙe ka yake

Uwar Biyu (Garwa): Useko Malam. In ban samu wannan ƙarfen ba fa? Don ban ga inda zan same shi a nan ba

Malam Koci (Ngaundare): Toh ki yi na ƙasa. Tsayuwa a ƙafa ɗaya ido rufe lokacin da kike jiran shayi ya tafasa, tsallen igiya, tsugunno a ƙafa ɗaya kina riƙe da ƙofa, ɗaga ƙafa baya kina miƙe kamar jirgi. Ba abin burgewa ba ne amma ranar da kika koma ƙanƙara za ki ga bambanci a gwiwa

Alhaji na Kuseri: Assalamu alaikum. Hajiya in ƙarfen ne ki turo min hoto da lambar ƙafa, bayan sallah ina da tafiya Dubai sai na duba. Ni ba ɗan gasa ba ne, amma duk zuwa sai na shiga filin Dubai Mall na yi awa ɗaya, babba ne irin na Olamfik. Alkahira ma akwai a cikin manyan mol amma ƙanana ne, na Nairobi da ke otal ɗin Panari shi ma ƙarami ne, ya ishi koyo dai. Shawarata ɗaya ce a kan takalmi: kar ki saya ta intanet ba ki gwada ba. Ni na yi, na ga mai araha a wani shago da ba zan kira suna ba, hoto kamar na zakarun duniya, da ya iso fatar kamar ta silifas, ina tsayawa idon sawuna ya kwanta ciki, na rubuta musu har yau shiru. Babba yana da nauyi, sai takalmi mai tauri fiye da na yaro ko da matakinku ɗaya. Sunayen da za ki ji a bakinsu Edea da Risport na Italiya, Jackson, Riedell, Graf. Na Italiyan da milimita suke awo, 245, 250 haka, ba 38 ko 39 ba. Ki bari sai kin isa ki je shagon da za su auna ki tsayi da faɗi, mu da muka girma cikin silifas ƙafarmu tana da faɗi a gaba

Anti ta Munik: Wannan gaskiya ne Alhaji, ni sai da aka gasa min nawa aka buɗa gaban. Nawa na farko da ƙarfensa wajen yuro 300 ya ci, kusan sefa dubu 200 kenan, amma ya yi min shekara uku. Kuma safa siririya ake sawa ba mai kauri ba, kar sanyi ya ruɗe ki

Auta (Njamena): Toh tunda an zo zancen takalmi bari na tona asirin kaina. Wani abokina ya kawo min na hannu daga Faransa wai na ajiye har ranar da zan fita waje. Damina ta wuce na buɗe kwali na ga ƙarfen ya yi tsatsa ja. Sai nace ai abu mai sauƙi, na ɗauka na kai wa mai wasa wuƙa a kasuwa, irin mai keken nan da dutse ke juyawa. Mutumin ya juya takalmin ya kalla ya kalla yace wannan wace irin wuƙa ce mai takalmi, nace kai dai wasa. Na tafi shan shayi. Ina dawowa ya miƙo min yana murmushi, ya fere bakin ya yi siriri kamar na yankan rago, sannan yace ya ga gaban ya yi gibi gibi shi ma ya gyara min kyauta. Haƙoran gaba fa. Ya share su tas 😭

Yaya na Monreyal: Innalillahi 😂😂 Auta ka kashe ni

Malam Koci (Ngaundare): Kai jama'a hhhh har da kyauta

Yaya na Monreyal: Don Allah kowa ya ji, ƙarfen nan ba wuƙa ba ne. Kaurinsa wajen milimita huɗu, ƙasansa kuma kwarmi ne kamar ƙaramin kwalbati, shi ya sa yake da kaifi biyu, na ciki da na waje, duk wasan a kan waɗannan biyun yake. Inji na musamman ke wasa shi, kamar bayan awa 20 zuwa 30 na hawa. In kin fito ki goge shi da tsumma ya bushe ki sa masa rigar tawul, robar nan mai tauri ta tafiya ce kawai, in kika bar shi a ciki ya kwana ita ke kawo tsatsa. In za ki zo hutu da shi Garwa kar ki bar shi a but ɗin mota ko ɗakin kwano, zafi na sauya masa siffa

Goggo Hajja (Garwa): Na yi shiru ina karantawa. Ni tambayata ɗaya ce kuma kun san ta. Waɗanda nake gani a tele kayansu ko ɗankwali bai kai ba. 'Yata matar aure ce, uwar yara. Da wace shiga za ta tsaya gaban mutane? Kuma na ga ana yi namiji da mace yana ɗaga ta sama

Anti ta Munik: Goggo tambayarki a kan hanya take, nima ita ta fara tsayar da ni. Doka bata tilasta ɗan siket ba, tun 2004 aka yarda mata su sa wando. Ni da dogon wando da riga mai dogon hannu har gwiwa na yi nawa, kaina a rufe da hula mai kama kai, ba wanda ya ce min uffan. Akwai wata 'yar Daular Larabawa, Zahra Lari, ita ta fara shiga gasar ƙasa da ƙasa da hijabi, a 2012 a Italiya alƙalai suka rage mata maki saboda shi, bata cire ba, ta bi maganar har hukumar ta sassauta. Abin kiyayewa kawai kar ya zama mai jan ƙasa ko mai fil, in wani abu ya faɗo daga jikinki kan ƙanƙara ana cire maki, kuma mayafi mai yawo zai iya naɗe fuska a katantanwa. Zancen namiji kuma wannan fanni ne daban na 'yan bibbiyu, ba dole ba ne. Ita kaɗai za ta shiga ta fita. Ko fannin rawa da ba tsalle a ciki akwai na mutum ɗaya, masu ciwon gwiwa da yawa can suke komawa

Goggo Hajja (Garwa): Toh madalla. In da sutura kuma maigidanta ya yarda ni ba ni da ta cewa. Mu ma a zamaninmu mun ji labarin filin ƙanƙara na Otal Ibuwar a Abijan, Baffanku ya taɓa shiga da babbar riga ya dawo yana ɗingishi sati biyu

Ɗan Marwa: Salam. Ni tawa tambayar ta mu da ba inda za mu ce. Shekarata 31, rola nake tun ina lise, in na tara kuɗi na yi biza zan iya zuwa wannan Obasdof ɗin da tutar Kamaru?

Anti ta Munik: Ƙanena a nan gizo ke saƙa. Sai kana da rajista a kulob da ke ƙarƙashin hukumar ƙasar da take mamba a ISU, kuma Kamaru da Cadi ba sa ciki. A Afirka irin su Afirka ta Kudu da Maroko da Masar ne ke ciki. Ni da sunan Jamus aka kira ni duk da fasfona kore ne, saboda kulob ɗina na nan ne. Uwar Biyu ma in ta je da lisans ɗin Faransa za ta shiga

Yaya na Monreyal: Kuma ko an ba ka dama, ba za ka sauka daga taya yau ka hau ƙarfe gobe ka yi gasa ba, tsayawa ma daban ce. Amma kar ka raina abin da ke hannunka. Patinaj a kan taya wasa ne mai zaman kansa, hukumar World Skate ce ke riƙe da shi, akwai na taya huɗu bibbiyu akwai na jere, da alƙalai da maki da komai. Kai da Malam Koci in kun samu ƙarfen nan mai lilo ku fara haɗa yara da manya a filin basket kuna yi wa juna jarabawa mataki mataki, wannan ba ya buƙatar biza

Malam Koci (Ngaundare): Tunanin da nake yi kenan tun ɗazu. Yaya ka turo min jerin abin da ake tambaya a matakin farko

Yaya na Monreyal: Na Amurkan ya fi sauƙin kwafa: zagaye fili da turi mai kyau ba da haƙori ba, rabin da'ira a jere a kan kowane kaifi gaba da baya, ƙetare ƙafa ta dama da ta hagu, sai wata siffa mai kamar lamba 8. Kowa na da ɓangaren da ya fi so, jarabawa kuwa sai ka yi duka biyun, a nan ake kama mutane. Zan ɗauki bidiyo ranar Asabar in turo

Uwar Biyu (Garwa): Ni ɓangaren dama ne ba na iyawa sam, in na juya can kamar an ɗaure min ƙafa. Anti su makin yaya ake bayarwa, na ga lambobi da yawa a tele

Anti ta Munik: Kowane tsalle ko juyi yana da farashinsa a rubuce, sai alƙalai su ƙara ko su rage gwargwadon kyansa, daga -5 zuwa +5. Sannan maki na biyu na tsarin wasan da yadda kika gabatar da iya tafiyarki. Wannan tsarin ya zo ne bayan rigimar alƙalanci a Olamfik na 2002. Amfaninsa gare mu shi ne takardar da ake ba ki a ƙarshe, komai a rubuce layi layi, sai ki ga katantanwar da kike alfahari da ita ba a ma ƙirga ta ba saboda zagayen bai cika ba, haka aka min. Akwai kuma wani fanni a gasar manya da ba a lissafa wuyar tsalle, kyan tafiya da bin kiɗa kawai ake dubawa, minti ɗaya da rabi, da yawa da shi suke farawa. Kiɗa kuwa ke za ki zaɓa, mai waƙa ma an yarda tun 2014, ni na rantse in na koma da algaita zan shiga. Kuma in kin je kallo za ki ga manya na gaske, Midori Ito ta Japan, mace ta farko da ta sauka Aksel mai juyi uku a gasa, zakarar duniya a 1989, ta zo Obasdof a 2011 ta yi wasa a fili ɗaya da irinmu. Shawarata shekarar farko ki zo kallo kawai, bizarki ta Faransa ta isa ki shigo Jamus, ki sauka wurina mu hau jirgi tare

Auta (Njamena): Anti ni ma a sa ni a lissafi, ina da takalmi

Alhaji na Kuseri: Wanne? Na yankan ragon?

Uwar Biyu (Garwa): 😂 Na gode ƙwarai jama'a Allah ya bar zumunci. Alhaji zan auna ƙafar in turo amma na taya kawai, na ƙanƙara sai na isa. Malam Koci akwai filin basket kusa da mu a Rumde Ajiya, gobe bayan asuba zan je in duba simintin. Anti me zan taho miki da shi watan tara

Anti ta Munik: Kilishi da yajin ƙuli, sai dai ki fara tambaya don nama ba ya wuce kwastan ɗinsu. In bai yiwu ba busasshen folere da kuka sun isa

Goggo Hajja (Garwa): An kira magariba a nan. Auta ka turo hoton takalmin nan mu gani kafin ka jefar